Tsawo da karkatar wuyan keken tseren agogo: nazarin matsalar wani mahayi a Jidda

## Mahayin da kekensa (Oktoba 2023)

Mai wannan matsala Bahaushe ne haifaffen Jidda, ɗan shekara 41, tsayinsa santimita 176. A ofishin wani kamfanin fiton kaya yake aiki, kusa da tashar jiragen ruwa, inda yake wuni a zaune gaban kwamfuta. Ya kai shekara biyar yana hawan keken tsere na titi tare da wani ayari na Hausawa da 'yan Sudan da 'yan ƙasar Saudiyya. Bayan sallar Asuba suke fita ranakun Juma'a da Asabar, su yi arewa ta bayan Abhur, wani yanki a arewacin Jidda, inda hanya take a shimfiɗe kuma motoci ba su yi yawa ba tukuna.

A watan Oktoba na 2023 ya sayi keken tseren agogo na hannu ta Haraj, wani shafin saye da sayarwa na intanet. A irin wannan tsere ɗaya bayan ɗaya ake sakin mahaya, kowa da lokacinsa, kuma ba a yarda wani ya laɓe a bayan wani ba. Tunda babu mai tare maka iska, yadda ka kwantar da jikinka a kan keke shi ne rabin aikin. A gudun kilomita 40 a awa kan hanyar da babu hawa, mafi yawan ƙarfin mahayi wajen keta iska yake ƙarewa, kuma kusan kashi uku cikin huɗu na wannan turjiya jikin mutum ne ke jawo ta. Shi ya sa keken yake da kai hawa biyu: ƙaho na ƙasa mai birki, wanda ake riƙewa wurin tashi da shan kwana, sai majingina biyu a sama inda ake ɗora sangalin hannu, da sanduna biyu da suka miƙe gaba. Tun 1989 duniya ta ga amfanin wannan kwanciya, lokacin da Greg LeMond ɗan Amurka ya shiga zangon ƙarshe na gasar Tour de France, kilomita 24.5 zuwa cikin birnin Paris, Laurent Fignon yana gabansa da daƙiƙa 50. LeMond ya kwanta a kan irin waɗannan sanduna, ya cinye gasar da tazarar daƙiƙa 8.

Abin da ya haɗa wannan kai da sauran keken shi ne wuya, wani guntun ƙarfe mai baki biyu, ɗaya ya ciji bututun fok, wato saman ƙarfen da ke riƙe da tayar gaba, ɗaya ya ciji ƙaho. Ana auna tsawonsa daga tsakiyar wannan baki zuwa tsakiyar wancan, kuma goma-goma ake samunsa a kasuwa, daga milimita 60 zuwa wajen 140. Kowane wuya da karkatarsa. Waɗanda aka fi gani su ne digiri 6 da 10 da 17, kuma mafi yawansu ana iya ɗaura su a kife ko a ɗage.

## Awon farko da alamun ciwo (Nuwamba 2023)

Kafin ya taɓa ko noti ɗaya, wani abokin hawansa ya ce ya rubuta awon keken yadda ya zo. Suka jingina tayar baya da bango a kan daɓe mai lebur, suka riƙa aunawa daga bango da kuma daga ƙasa, suna cire awon cibiyar feda, wato tsakiyar ƙarfen da hannayen feda ke juyawa a kansa. Daga wannan cibiya ake lissafin komai, don ita ce ba ta gusawa ko me aka canza.

Wuyan da keken ya zo da shi milimita 120 ne, digiri 17, a kife, babu ko ɗaya a ƙarƙashinsa daga cikin zobban da ake zurawa a bututun fok don ɗaga wuya. Zobba biyu masu milimita 10 suna samansa, tsohon mai keken bai yanke bututun fok har ƙarshe ba. Majingina a manne take da ƙaho. Tsakiyarta tana milimita 510 a gaban cibiyar feda, 605 a samanta. Ƙarshen sanduna yana 830 a gaba. Hannun feda 175 ne. Hancin sirdi yana milimita 85 a bayan cibiya, tsayin sirdin kuma ya sa shi 735, daidai da na keken titinsa. Wanda ya sayar masa da keken dogo ne, ya kai santimita 186.

Wurin gwajinsu kilomita 20 ne, goma zuwa, goma dawowa. Da keken titi yakan yi shi a minti 34 da daƙiƙa 40. Da sabon keken ya yi minti 33 da daƙiƙa 50. An samu ragi, amma ba wanda ya kai kuɗin da aka kashe ba, kuma ga abin da ya biyo baya. Da ya yi kamar minti takwas a kwance, sai dokin wuyansa ya ɗauki zafi har ya kasa ɗaga kai ya ga hanya. Kafaɗunsa su yi tsami. Bini-bini ya zame zuwa hancin sirdi, sai ya tura kansa baya, ya sake zamewa. Matsematsinsa na dama yana matsewa duk lokacin da feda ta hau sama. Dole ya tashi ya kama ƙaho ya huta, sannan ya koma. Kusan rabin tafiyar a zaune yake yin ta, ƙirji a buɗe yana karɓar iska. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne ya kama kansa yana kallon tayar gaba maimakon hanya, a titin da manyan motoci ke bi.

## Gwaji na farko: an juya wuyan ya kalli sama (Disamba 2023)

Shawarar 'yan ayari guda ɗaya ce: kan keken ya yi ƙasa da yawa, a juya wuyan. Ba ta cin ko riyal ɗaya, alanki kawai ake buƙata. Ya yi hakan a farkon Disamba.

Akwai lissafin da ba a yi ba kafin a juya. Bututun fok ba a tsaye cak yake ba. A wannan keke digiri 73 ne, wato ya kwanto baya da digiri 17. Ita kuma karkatar da ake rubutawa a jikin wuya daga layin da ya gicciye bututun ake auna ta, ba daga ƙasa ba. Saboda haka wuya mai 17 a kife yana kwance ne daidai da ƙasa, idan kuwa aka ɗage shi sai 17 ta haɗu da 17 su zama 34. Wuya mai milimita 120 da ya tashi da digiri 34 yana ɗaga kai da milimita 67, ya kuma jawo shi baya da kusan 21. Masu gyaran zama a kan keke biyar-biyar ko goma-goma suke motsa abu. Shi ya motsa 67 a tashi ɗaya. Majingina ta koma 489 a gaba, 672 a sama.

Dokin wuya ya yi sauƙi, yana iya yin minti ashirin a kwance. Amma zamewa zuwa hancin sirdi ba ta daina ba, kafaɗu ma ba su daina tsami ba, don har yanzu yana miƙa hannu. Ƙaho ya tashi tare da majingina, tunda wuya ɗaya ke ɗauke da su, sai wayar birkin gaba ta ɗame, idan ya karya kai hagu sosai har birkin yakan ɗan kama. Nauyinsa ya ragu a kan tayar gaba. Iskar Jidda yawanci daga arewa ko arewa maso yamma take busowa ta kan Bahar Maliya, kuma tayar gabansa mai faɗin rim ce, don haka duk inda ya wuce tsakanin gine-gine iska ta doke shi ta gefe, sai kan keken ya yi rawa. Lokacinsa ya koma minti 34 da daƙiƙa 20, kusan na keken titi. Bayan makonni uku ya mayar da wuyan a kife.

## Gwaji na biyu: gajeren wuya (Janairu zuwa Fabrairu 2024)

Tunda ɗagawa ba ta yi ba, sai aka koma ga ragewa. Ya aro wuya mai milimita 70, digiri 6, daga keken daji na wani aboki. Bakinsa ya yi daidai da ƙahon, milimita 31.8, ɗaya bakin ma ya yi daidai da bututun fok. Ya ɗaura shi a kife. Wuya mai digiri 6 ko a kife yake yana tashi da digiri 11, saboda waccan kwanciya ta bututu. Majingina ta dawo baya da milimita 51, ta tashi da 13, ta tsaya a 459 da 618.

Ranar farko ya ɗauka an gama. Gwiwar hannunsa ta dawo ƙarƙashin kafaɗa, nauyin ƙirjinsa ya sauka a kan ƙashi maimakon tsoka, tsamin kafaɗa ya tafi. Sai da aka fara gudu na gaske sauran suka fito. Da zarar ya zame gaba a kan sirdi, gwiwar ƙafa ta fara taɓa gwiwar hannu. Wurin tashi, da wurin juyowa a kilomita na goma, idan ya miƙe tsaye a kan feda gwiwarsa takan doki bayan majingina. Keken ya zama mai saurin karkata, don hannayensa sun matso kusa da inda kai yake juyawa, ɗan motsi kaɗan sai taya ta amsa. Zafin dokin wuya ya dawo, yanzu bayan kamar minti goma sha biyar. Ga kuma sabon abu: ƙaramin yatsansa na hagu da na kusa da shi sun fara mutuwa, ba ya jin su har bayan ya sauka. Wuri ya yi masa kaɗan, ya riƙa janye hannu baya har tsinin gwiwar hannu ya hau gefen majingina, daidai inda jijiyar waɗannan yatsu biyu take wucewa.

Yatsun ne suka kai shi asibiti a tsakiyar Fabrairu. Aka duba shi, ba a ga wata cuta a ƙashin wuyansa ba, aka ce dannewa ce, ya daina abin da ke danne wurin. An kuma gaya masa tsokokin gaban ƙugunsa da na bayan cinya sun ɗaure, abin da ba baƙo ba ne ga mai wuni a kujera, aka nuna masa yadda zai riƙa miƙe su. Lokacinsa a wannan zango minti 33 da daƙiƙa 55 ne. Wata uku da wuya biyu, yana nan inda ya fara.

## Azumi: an ajiye wuya, an koma sirdi (Maris zuwa Afrilu 2024)

An ɗauki azumi a Saudiyya ranar 11 ga Maris, hawan Asuba ya tsaya. A cikin wannan wata ya kai keken wurin wani dattijo ɗan asalin Kano, wanda ya yi shekaru yana aiki a shagon kekunan tsere kafin ya buɗe nasa, ya kuma tashi da shagon zuwa wata unguwa bayan rusau da aka yi wa tsofaffin unguwannin Jidda a 2022. Bayan Tarawihi suke haɗuwa.

Mahayin ya ce, "Kawu, 120 ya yi tsawo, 70 ya yi gajarta. In sayi 90 ne ko 100?"

Dattijon ya ce, "Ɗana, ajiye maganar wuya tukuna. Tela ba ya yanke hannun riga bai auna kafaɗa ba. Hau in ga zamanka."

Aka ɗora keken a kan na'urar tuƙi ta cikin ɗaki, aka sa katako a ƙarƙashin tayar gaba har lebur ya nuna daidai, aka kafa waya a gefe daidai tsayin ƙugu. Ya tuƙa minti goma da ƙarfin da yake tsere da shi, ba tuƙin nuna wa kyamara ba. Wannan sharaɗi yana da muhimmanci, domin kowa yana iya zama da kyau na minti biyu. Da aka tsayar da hoton bidiyon a wurare daban-daban, abu uku suka bayyana. Ƙugunsa yana rangaji hagu da dama. Cinyarsa tana kusan dukan cikinsa idan feda ta kai sama. Kuma tun daga minti na uku ya bar inda aka tanada don zama, ya matsa gaba da kamar milimita 30, can yake yin sauran tuƙin.

Rangajin ƙugu daga tsayin sirdi yake. Ya kwafo 735 daga keken titinsa, amma hannun fedar wancan 170 ne, na wannan 175. Ƙafarsa tana miƙewa da ƙarin milimita 5 a ƙasa, a sama kuma gwiwa tana ƙara hawa da 5. Zamewar kuwa jikinsa ne yake neman inda ya dace da shi. Bututun sirdin keken titi yakan kasance digiri 73 zuwa 74, na keken tseren agogo 76 zuwa 78. Dalilin bambancin shi ne a keken tseren agogo ba naɗe mutum ake yi a ƙugu ba. Dukkan jikinsa ake juyowa gaba a kan cibiyar feda, sirdi ya matsa gaba, ƙirji ya sauko, amma kusurwar da ke tsakanin cinya da ciki ta zauna kusan yadda take. Shi kuwa ya bar sirdi a baya yadda dogon mutum mai doguwar cinya ya ajiye shi, sannan ya kwantar da ƙirji. Ƙugu ya rufe, numfashi ya taƙaita, ƙarfi ya ragu.

Gyara biyu aka yi, babu wanda ya shafi kan keke. An sa hannun feda mai 165, aka ɗaga sirdi zuwa 740, yadda miƙewar ƙafa a ƙasa za ta dawo daidai da ta keken titi. A saman juyi kuwa tazarar sirdi da feda ta tashi daga milimita 560 zuwa 575, wato cinya ta samu ƙarin fili na 15. Sannan aka turo sirdi gaba da 30, hancinsa ya tsaya a milimita 55 bayan cibiya, aka sake auna tsayinsa bayan turowar.

Ba a wuce 55 ba saboda doka. Hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta ce hancin sirdi ya kasance aƙalla milimita 50 a bayan cibiyar feda. Tun daga 1 ga Janairu 2023 kuma ta raba mahaya gida uku bisa tsayi. Wanda bai kai santimita 180 ba, ƙarshen sandunansa kada ya wuce milimita 800 a gaban cibiya, kuma kada ya ɗara majingina tsayi da fiye da 100. Daga 180 zuwa ƙasa da 190 an ba su 830 da 120. Daga 190 zuwa sama, 850 da 140. Awon 830 da keken ya zo da shi halal ne ga tsohon mai shi, ga sabon kuwa ya ƙetare iyaka da 30. A hawan Asuba babu mai zuwa da tef, amma mutumin yana da niyyar shiga gasar da ake bin wannan doka, bai ga amfanin sabawa da zaman da za a hana shi hawa da shi ba.

Da sirdi ya matso, wuya mai 70 ya zama ba ya hawuwa ko kaɗan, gwiwa da gwiwa suna haɗuwa a kowane juyi.

## Neman wurin majingina da lissafin wuya (Afrilu zuwa Mayu 2024)

Bayan Ƙaramar Sallah, wadda ta kama 10 ga Afrilu, aka shiga neman inda hannayensa suke son sauka. Dattijon ya hana a ambaci lambar wuya. Abin da ake nema lamba biyu ne kawai, nisan majingina a gaban cibiya da tsayinta a sama. Da wuyoyin aro da tubalan ɗaga majingina suka riƙa matsar da ita goma-goma, kowane zama a yi minti goma sha biyar ana tuƙi da ƙarfi. Sharuɗɗan da suka sa su ne damtse ya yi kusan kusurwa 90 da gangar jiki, majingina ta tallafi sangalin hannu ɗan gaba kaɗan da tsinin gwiwa, gwiwar ƙafa ta wuce ba ta taɓa komai ba, ya kuma iya hango wata alama da aka manna a bango daidai tsayin hanya ba tare da ya ɗaga haɓa ba. Sun tsaya a wajen 480 a gaba, 650 a sama. Idan aka gwada da yadda keken ya zo, baya da 30 ke nan, sama da 45.

Daga nan zaɓen wuya ya zama lissafin takarda. A bututu mai digiri 73, wuya mai milimita 100 da digiri 6 a kife yana miƙewa gaba 98, ya tashi 19. A ɗage yana miƙewa 92, ya tashi 39. Mai 90 a kife yana miƙewa 88, ya tashi 17. Kowane zobe mai milimita 10 da aka sa a ƙarƙashin wuya yana ɗaga kai da 9.6, ya jawo shi baya da kusan 3, don shi ma a kan karkataccen bututu yake hawa. Tubalan majingina na wannan ƙaho kuwa sama suke tafiya sak, ba sa taɓa nisa.

Hanya biyu suka kai ga wurin da ake nema. Ta farko, wuya mai 100 a ɗage da zobe mai milimita 5 a ƙarƙashi, wanda ya kai majingina 480 da 649 ba tare da tubali ba. Ta biyu, wuya mai 90 a kife, babu zobe, da tubali mai milimita 30 a ƙarƙashin kowace majingina, wanda ya ba da 478 da 652. Ga gwiwar hannu duk ɗaya ne. Bambancin yana ƙaho: a ta farko ya tashi da 44 daga inda yake tun asali, a ta biyu da 17 kacal.

An fara da ta farko, tunda wuyan yana nan a shago. Ya hau ta makonni biyu, sannan aka koma ta biyu. A agogo ba a ga bambancin da za a iya rantsewa a kansa ba, ɗan abin da aka gani bai wuce abin da iskar safiya ɗaya ke kawowa ba. A hannu ne ya ji bambanci. Da ƙaho a ƙasa, idan ya sauko don shan kwana ko taka birki nauyinsa yana zama a kan tayar gaba, keken ya bi layin da ya ɗora shi. Wayar birki ma ta samu sarari, ba sai an canza ta ba. Abin da ya biya shi ne tazarar da hannu zai yi daga majingina zuwa birki ta ƙaru da milimita 30, sai da ya saba. Ya zaɓi ta biyu.

Sauran aikin ɗauri ne. An janye sanduna baya da milimita 15, ƙarshensu ya tsaya a 783, aka ɗan ɗaga su har ya ɗara majingina da 80. Zobba biyu suka zauna a saman wuya, bakin bututun fok yana ƙasa da bakin zoben ƙarshe da milimita 2 zuwa 3, don murfin sama ya samu abin da zai danna. Murfin aka fara ɗaurewa har boris ya daina kaɗawa, sannan kusoshin wuya, da sufana mai awon ƙarfi, zuwa lamba 5 da aka rubuta a jikin wuyan. Bututun na kabon ne, ba a ɗaure shi da ji. Tubalai sun zo da dogayen kusoshinsu, dattijon ya shafa musu giris, ya ce a riƙa kwance su ana dubawa duk bayan wata biyu. A Jidda gumi ba ya bushewa saboda laima, daga sangalin hannu yake gangarowa kai tsaye cikin ramin kusa, gishirinsa ya ci ƙarfe a ɓoye.

## Lokacin zafi (Yuni zuwa Oktoba 2024)

Ba a taɓa komai ba. A Yuli da Agusta zafi yakan kusanci digiri 40, don haka mafi yawan tuƙinsa a ɗaki ya yi shi, yana ƙara tsawon kwanciya kaɗan-kaɗan daga minti goma har ya kai arba'in. Ya ci gaba da miƙe tsokokin da aka nuna masa. Ba a ɗauki lokacin gwaji ba, don zafi da laima suna canza jiki da nauyin iska yadda awon ba zai gwadu da na hunturu ba.

## Sakamako (Nuwamba 2024)

A wata ɗaya da na awon farko, a hanya ɗaya, da tayoyi iri ɗaya, ya yi kilomita 20 a minti 32 da daƙiƙa 25, wato kilomita 37 a awa. Bai bar majingina ba sai wurin tashi da wurin juyowa. Yatsu ba su mutu ba, bai zame a kan sirdi ba, dokin wuya yana gajiya a ƙarshe amma bai hana shi kallon hanya ba. Mako na gaba ya maimaita da keken titi, ya yi minti 34 da daƙiƙa 15, ya rage daƙiƙa 25 a kan na bara. Wannan 25 ƙarfin jiki ne da ya ƙaru. Idan aka cire ta daga 85 da ya rage a keken tseren agogo, saura kamar minti ɗaya da za a jingina wa zama.

## Hukunci

Gwajin farko da na biyu sun faɗi ne don an nemi wuya ya gyara abin da ba a hannunsa yake ba. Ciwon ya bayyana a gaba, a dokin wuya da kafaɗa da yatsu, amma tushensa yana sirdi da hannun feda. Muddin mahayi yana zamewa milimita 30 a kan sirdi, babu wuyan da zai yi masa daidai, don nisan da ake son aunawa yana canzawa a tsakiyar tafiya. Awon ya nuna haka ƙarara. Daga hancin sirdi zuwa tsakiyar majingina, keken ya zo da 595. Wuya mai 70 ya mayar da shi 544, zaman ƙarshe ya ba da 533. Ashe gwaji na biyu ya kusa samun nisan da ya dace, sai dai ya same shi ta hanyar janyo kai baya zuwa ga sirdin da ke wurin da bai kamata ba, ya bar ƙugu a rufe, ya kwashe nauyi daga tayar gaba.

Juya wuya mai digiri 17 kuwa magani ne da ya wuce kima. Ana buƙatar 45, ya ba da 67, ya kuma tafi da ƙaho sama. A ganina a keken tseren agogo mai wuya na gama-gari, tsawon wuya shi ya kamata ya ɗauki nisa, karkatarsa ta tsayar da ƙaho inda hannu zai ji daɗin birki da kwana, tsayin majingina kuma a bar wa tubalai, matuƙar ba a wuce adadin da mai ƙera ƙahon ya yarda da shi ba. Ban ce hakan ya fi sauri ba, domin a wannan lamari agogo bai nuna ba. Ya dai fi sauƙin gyarawa daga baya, tunda ana iya motsa abu ɗaya ba tare da ɗayan ya bi shi ba.

Majinginarsa ta ƙarshe ta fi ta farko tsayi da milimita 47, duk da haka ya fi sauri. Babu abin mamaki a nan. Zaman farko ya fi kwanciya a hoto, amma rabin tafiyar a zaune yake yin ta.

Abu biyu ba su warware ba. Firam ɗin na dogon mutum ne, kuma 90 yana kusa da iyakar gajartar da wannan keke zai ɗauka ba tare da tuƙinsa ya lalace ba. Da awon ya nemi ƙasa da 80, da shawarar ita ce a sayar da keken a nemi ƙarami. Na biyu, tsayin majingina bai sauko ba har yanzu. A Janairu 2025 ya rage tubalan zuwa milimita 20, ya gwada a ƙarshen mako biyu, duka biyun zafin dokin wuya ya tashe shi kafin kilomita na 14. Ya mayar da su 30.